ƘIBAR MAI CIKI: HUTU NE KO HATSARI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake siffanta ɗan Adam a cikin mahaifa mataki bayan mataki, Ya kuma ɗora wa kowane namiji nauyin waɗanda ke ƙarƙashin hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi, ko ka yi aure ko kana shirin yi, maganar wannan ɗan littafi taka ce. Na san za ka ce, ina ruwan namiji da zancen ciki da haihuwa, ai wannan sha'anin mata ne da ungozoma. To, ka ɗan dakata. Wa ke yin cefane? Wa ke ba da izinin zuwa awo? Wa ke jin daɗi idan dangi suka zo suka ce, “Kai, amarya ta yi ɓul-ɓul, lalle wane ya iya kiwo”? Kai ne. Tun da kuwa hannunka na ciki, tilas ka san abin da kake aikatawa, domin jahilci ba ya zama uzuri ga wanda ilmi ya zo har ƙofar gidansa.

Tambayar da za mu duba ita ce wannan: shin ƙibar mace mai juna biyu ni'ima ce da miji zai yi alfahari da ita, ko kuwa amana ce da za a tambaye shi yadda ya yi da ita? In kuma akwai cuta a ciki, nauyin wa ke nan, kuma yaya za a gyara ba tare da an zalunci kowa ba?

Mece ce ƙibar da ake nufi?

Da farko mu raba tsakanin abubuwa biyu, domin mutane kan cuɗa su. Akwai nauyin da kowace mai ciki take ƙarawa, wannan kuwa tilas ne, alheri ne kuma. Ɗan da ke ciki ya kan kai kilo 3 ko ya ɗan ɗara, ga mabiyiya, ga ruwan da yake kwance a ciki, ga mahaifar kanta da ta buɗe, ga jinin uwa wanda yake ƙaruwa da kusan rabin abin da yake a da, ga kuma ɗan kitsen da jiki ke ajiyewa saboda shayarwa. Macen da ba ta ƙara nauyi ba ko kaɗan, ita ma abin a duba ta ce.

Abin da muke magana a kai shi ne kitsen da ya wuce kima, wanda mace ta shiga ciki da shi, ko ta tara shi a cikin watannin nan tara. Likitoci suna da ma'auni mai sauƙi wanda kai ma za ka iya yi da fensir. Ka ɗauki tsawon mutum a mita, ka ninka shi da kansa, sa'an nan ka raba nauyinsa na kilo da abin da ya fito. Misali, mace mai tsawon mita 1.6, in ka ninka 1.6 sau 1.6 za ka sami 2.56. In nauyinta kilo 60 ne, ka raba da 2.56, za ka sami 23 da ɗan ɗoriya. In kilo 80 ne, za ka sami 31. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya fara yawa, daga 30 zuwa sama kuwa ita ce ƙibar da ake lissafawa cikin cututtuka. Ana yin wannan awo ne da nauyin mace kafin ciki, ko a farkonsa.

Kada ka ɗauka wai wannan ciwon Turawa ne. Hukumar nan ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba, kuma yawanta a cikin manya ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A Nijeriya ma, binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, alhali kuwa kashi 12 cikin ɗari ramammu ne. Ka ga ke nan cuta biyu ce a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya: wata tana fama da rashi, wata tana fama da yawa.

Abin da take jawo wa uwa

Na farko shi ne ciwon sukari na masu ciki. Ga yadda abin yake. Allah Ya sanya wani sinadari a jikin mutum, ana ce da shi insulin, aikinsa shi ne ya buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka a yi amfani da shi. Idan ciki ya yi nisa, mabiyiya ta kan fitar da waɗansu sinadarai masu rage ƙarfin insulin, domin sukari ya ɗan daɗe a jini ɗan ciki ya sami rabonsa. Wannan hikima ce ta Ubangiji. To, amma kitse mai yawa shi ma rage ƙarfin insulin yake yi. Idan abu biyun nan suka haɗu, sai jiki ya gaza, sukari ya taru a jini. Sau da yawa mace ba ta jin komai, awon jini ne kaɗai ke tona shi, galibi tsakanin mako na 24 da na 28. Ya kan tafi bayan haihuwa, amma wadda ta taɓa yin sa tana cikin hatsarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin daga baya.

Na biyu hawan jini, da abin da ke biyo bayansa. Idan ciki ya wuce mako 20, awon jini ya kai 140 bisa 90, aka kuma ga furotin a fitsari, to wani ciwo ya shiga wanda ke taɓa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa. In ba a tare shi ba, shi ne yake zama jijjiga, ka ga mace ta sandare tana taune harshe, ido ya juye. Mai ƙiba ta fi sauran mata kusa da wannan ciwo. A nan ne fa al'ada ke yin kisa. Alamunsa su ne kumburin fuska da hannu, da ciwon kai mai tsanani, da ganin dishi-dishi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Sai fuskar yarinya ta kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa, mutanen gida su ce, “Ma sha Allahu, ciki ya karɓe ta.” Alhali ruwa ne ya taru a jikinta. Idan kuma jijjiga ta zo sai a ce iskoki ne, a kama turare da hayaƙi, ga shi kuwa akwai allurar da ake yi a asibiti wadda ke tsayar da ita da izinin Allah.

Na uku wahalar haihuwa. Naƙudar mai ƙiba ta kan yi jinkirin farawa, ta kan kuma yi tsawo, ta fi kuma yawan ƙarewa da tiyata. Tiyatar kanta ta fi wuya, domin allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya ta kan yi wuyar shiga, yankan ya kan ɗauki lokaci, ɗinkin kuma ya fi saurin ruɓa. Haka nan zubar jini bayan haihuwa ya fi yawa a gare ta. Akwai kuma daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda in gudansa ya ɓalle ya tafi huhu, ya kan kashe mace farat ɗaya, ko da ta haihu lafiya an yi suna.

Ka haɗa wannan da halin da ƙasa take ciki. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan matan da suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, a Nijeriya suka rasu. Inda asibiti ke da nisa, jini ke da wuyar samu, mota ke da tsada cikin dare, kowane ƙarin hatsari nauyinsa ninki ne.

Abin da take jawo wa ɗa

Mu kan yi murna da ƙaton jariri, mu ce an haifo sadauki. Ka saurara ka ji yadda wani girman yake samuwa. Wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Pedersen ya bayyana shi tun a 1952. Sukarin da ke jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jikin ɗa, amma insulin ɗinta ba ya ratsawa. Saboda haka sai ɗan ya shiga yin nasa insulin da yawa, wannan kuwa ya mai da sukarin kitse, ya tara masa a kafaɗu da ciki. A 2008 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi kan mata fiye da 23,000 a ƙasashe tara, wanda ya nuna cewa gwargwadon hawan sukarin uwa, gwargwadon girman jariri, ko da sukarin bai kai matsayin da za a kira shi ciwo ba.

Jaririn da ya wuce kilo 4 ya kan sha wuya wajen fitowa. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin gaban uwa, cibiya ta matse, minti kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa. Wajen ƙoƙarin fid da shi jijiyar wuya ta kan ja, hannu ɗaya ya shanye, wani ya warke, wani kuwa haka zai girma. Uwa kuma ta yage. Inda aka bar mace a ɗaki kwana biyu ko uku tana naƙudar ɗan da ya fi ƙarfin ƙugunta, nan ne ake samun yoyon fitsari. Ko an haife shi lafiya ma sai an sa ido, domin da zarar an yanke cibiya sukarin uwa ya daina zuwa, insulin ɗinsa kuwa yana nan da yawa, sai sukarin jininsa ya faɗi, ya yi laushi, wani har ya yi jijjiga.

Ban da wannan, ɓari ya fi yawa ga mai ƙiba, haka mutuwar ɗa a ciki, haka kuma tawayar halitta, musamman ta laka da ƙashin baya da ta zuciya. Hoton ciki ma ba ya fitowa sarai ta cikin kitse mai kauri, saboda haka abin da ya kamata a gani da wuri ya kan ɓuya.

Abin da ya fi kamata ya tsayar da mai hankali shi ne cewa al'amarin ba ya ƙarewa ranar suna. A lokacin yaƙin duniya na biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, an yi matsananciyar yunwa a yammacin ƙasar Holan. Da 'ya'yan da aka yi cikinsu a lokacin suka girma, sai masana suka duba takardun awon samari wajen 300,000 da aka auna don aikin soja suna 'yan shekara 19. Sakamakon da aka buga a 1976 ya nuna waɗanda yunwar ta sami uwayensu a rabin farko na ciki sun fi sauran yin ƙiba. Daga baya, a shekarun 1980, wani likitan Ingila mai suna Barker ya bi tsofaffin littattafan awon jarirai, ya gano akwai dangantaka tsakanin nauyin mutum ranar haihuwa da ciwon zuciyar da zai same shi a tsufa. Watau dai mahaifa makaranta ce ta farko ga jiki, abin da ya koya a can da shi zai rayu. Yunwa tana barin tabo, yawa ma yana bari. Ɗan da ya kwanta wata tara cikin sukari da kitse ya fi kusa da yin ƙiba tun yana yaro, da ciwon sukari in ya girma. In kuwa mace ce, ita ma ta shiga nata ciki da ƙiba, abin ya zarce jikoki.

Kada ka fahimci maganar nan a karkace. Ba a ce kowace mai ƙiba sai ta gamu da waɗannan ba. Da yawansu suna haihuwa lafiya lau, wata siririya kuma ta gamu da jijjiga. Abin da aka ce shi ne hatsarin ya ƙaru, kuma yana ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar nauyin.

Shubuha ta farko: ai ƙiba alamar hutu ce

Wannan tunani ya daɗe, kuma yana da asali. A zamanin da fari da fara suke cinye amfanin gona, mai ɗan jiki ita ce wadda gidansu ke da rumbu. Shi ya sa al'ummomi da yawa suka ɗauki ƙiba ado. A Muritaniya akwai al'adar ɗura wa 'yan mata nono da abinci don su yi jiki kafin aure, a Kalaba kuma an san ɗakin da ake tsare amarya ana kiwonta. Mu ma muna da namu. Amma zamani ya juya. Kakarka ta yi daka, ta yi niƙa, ta ɗebo ruwa, abincinta gero ne da dawa da ganye. Yau inji ke niƙa, abinci ya koma farar shinkafa da taliya da burodi da soye-soye, ga lemon kwalba a kan kowane faranti. Robar lemon zaƙi ta rabin lita ta kan ƙunshi sukari cokalin shayi goma ko fiye. Wanda ya riƙe ma'aunin kaka a kan abincin jika ya ɓata lissafi.

Mafi muni shi ne magungunan ƙiba da ake sayarwa barkatai, irin wanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu magungunan asibiti ne masu ƙarfi da aka yi don waɗansu cututtuka dabam. Akwai wanda ke tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya ta da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Yarinya ba ta sha don tana ƙin kanta ba. Ta sha ne don ta ji abin da samari ke yabawa, ko don kishiya ta yi mata gori, ko don miji ya ce mutane za su ce ba ya ciyar da ita. Ka tambayi kanka, ya ɗan'uwa, ko harshenka na cikin abin da ya tura ta kantin magani.

Ka duba niyyar da ke ƙarƙashin wannan alfahari. Mutumin da yake son matarsa ta yi teɓa don a ce ya isa, ya mai da jikin baiwar Allah allon tallar arzikinsa. Wannan riya ce, ko da an lulluɓe ta da sunan kulawa. Shari'a ta wajabta maka ciyarwa, kamar yadda ya zo a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, har ma wadda aka saka tana da ciki an yi umarni da ciyar da ita sai ta haihu, a aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ. Amma Wanda Ya wajabta ciyarwa Shi ne Ya hana ɓarna a ci da sha, a aya ta 31 ta Suratul A'araf. Kuma Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke koyar da raba ciki gida uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ciyarwar da za ka sami lada a kanta ita ce wadda ta gina jiki. Wadda ta rushe shi ba ta sauke maka wajibi ba, ko nawa ka kashe.

Akwai kuma zancen cewa mai ciki ta ci na mutum biyu. Mutum na biyun nan fa, a wata uku na farko bai fi yatsa tsawo ba. A wannan lokaci jikin uwa ba ya bukatar ƙarin abinci, abin da yake bukata shi ne mai kyau. A watannin baya ne ake son ɗan ƙari, shi ma bai kai kwano guda ba.

Shubuha ta biyu: ai komai ƙaddara ce

Gaskiya ne, babu ran da zai fita sai da izinin Allah, wannan imaninmu ne. Amma wa ya gaya maka riƙon sababi ya saɓa wa imani da ƙaddara? Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da aka gaya masa annoba ta faɗa can sai ya juya da jama'arsa, ya kuma fahimtar da masu musu cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara, an umarce shi ya ɗaure ta tukuna. Kai da kake faɗin ƙaddara, in babur ɗinka ya fara ƙara ai ba ka kwana sai ka kai shi wurin makanike. In ka ji farashin kaya zai tashi, tun da asuba kake kasuwa. Sai a kan matarka kaɗai tawakkalinka ke tashi? Wannan ba tawakkali ba ne, rowa ce da kasala aka sa musu rawani.

Malaman fiƙihu sun ƙidaya tsare rai da tsare zuriya cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don kiyayewa, kuma kawar da cuta ƙa'ida ce daga ƙa'idojinsu. A cikin mai ciki ɗaya an haɗa maka duka biyu, rai da zuriya. Ɗan da ke ciki kuwa shi ne mafi raunin wanda ke da hakki a kanka, domin ba ya iya magana, ba ya iya zaɓen abin da zai ci, ba ya iya kai ƙara. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kamanta maigida da makiyayi wanda za a tambaya game da abin kiwonsa. Me za ka ce ranar, in an ce an sanar da kai ka kau da kai?

Shubuha ta uku: to, ai laifinta ne

Wani kuma zai karanta abin da ya gabata ya koma gida ya mai da shi bulala. Ya ce wa matarsa ta cika ci, ya kira ta buhu, ya kwatanta ta da 'yan matan waje. Ka ji tsoron Allah. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabi, ba a kuwa cire matar mutum daga ciki ba. Ƙiba tana da dalilai da yawa. Akwai gado, akwai ciwon da ke rikita sinadaran jiki, akwai magunguna, akwai haihuwa a kai a kai wadda ba ta barin jiki ya koma daidai, akwai damuwa da rashin barci. Akwai kuma abin da kai ka kawo gida, da zaman da kai ka tsara mata. Wanda ya sayo buhun shinkafa da galan na mai da katan na lemo, bai sayo ganye ko wake ba, ya kuma hana ta taka ko ƙofar gida, ba shi da bakin zargi.

Ka dubi gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tsere da Nana A'isha a wata tafiya ta wuce shi, bayan wani zamani da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya mai da abin raha. Babu gori a ciki, babu wulaƙanci. Ga motsa jiki, ga wasa da iyali, ga tausasawa. Gori kuwa ba ya rage kilo ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya sa mace ta ɓoye damuwarta, ta ji kunyar hawa sikeli a asibiti, ko ta shiga shan shayin rage ƙiba da ciki a jikinta.

Wannan na ƙarshe hatsari ne babba, ka riƙe shi da kyau. Lokacin ciki ba lokacin rage nauyi ba ne. Ba a hana mai ciki abinci, ba ta shan maganin rama, na bature ko na gargajiya. Abin da ake so shi ne ta ƙara nauyi daidai kima. Cibiyar likitanci ta Amurka ta fitar da ma'auni a 2009 wanda ƙasashe da yawa ke aiki da shi: ramammiya ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18, mai matsakaicin jiki 11.5 zuwa 16, wadda nauyinta ya ɗan yi yawa 7 zuwa 11.5, mai ƙiba kuwa 5 zuwa 9. Ka ga ko mai ƙibar ma ƙarawa za ta yi.

Abin da ya hau kanka

Na ɗaya, ka fara tun kafin ciki. Lokacin rage nauyi shi ne kafin a ɗauki ciki, da kuma tsakanin haihuwa da haihuwa. Ko kilo kaɗan aka rage yana da amfani. Ta fara shan ƙwayar folik asid tun kuna neman haihuwa, domin lakar jariri tana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, tun mace ba ta tabbatar tana da ciki ba.

Na biyu, awo. Ta fara da wuri, cikin wata uku na farko. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. Ka tabbata ana auna jininta da fitsarinta da sukarinta, ka duba katin da idonka, ka tambayi abin da ba ka gane ba. In likita ya rubuta mata magani, ko ya ce kada ta yi azumi saboda sukari, ka sani shari'a ta riga ta yi wa mai ciki rangwame, kada ka fi shari'a tsanani.

Na uku, cefane. Ba sai mai kuɗi ba. Wake, gero, dawa, acca, zogale, alayyafo, rama, kuɓewa, kabewa, ƙwai, kifi, gyaɗa, nono marar sukari, lemon ɓawo da gwanda, duk suna kasuwar unguwarku. A rage lemon kwalba, da zobo da kunun da aka cika wa sukari, da shayi mai kauri, da soye-soye, da yawan gishiri. Kuma ku ci tare. Zalunci ne ka ce ta ci dafaffen ganye kai kana gabanta da tsire da lemo mai sanyi.

Na huɗu, motsi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce mai ciki mai lafiya ta sami minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, watau kamar rabin sa'a sau biyar. Tafiya ta isa. Ka fita da ita da sanyin safiya ko bayan la'asar, cikin suturarta da mutuncinta, ko ta zagaya tsakar gida. In akwai zubar jini ko wani ciwo, a tambayi likita tukuna.

Na biyar, shirin haihuwa. Mai ƙiba ta haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini. Ka tanadi kuɗi da mota da wanda zai ba da jini tun ciki na wata bakwai. In ba ka gari, ka bar izini a bayyane, kada a zauna jiran ka dawo mace na zubar da jini. In an ce sai an yi aiki, ka sa hannu, tiyata ba gazawar mace ba ce. Ka kuma san alamun da ba a kwana da su: ciwon kai mai tsanani, dishi-dishi, kumburin fuska, zubar jini, kumburi da zafi a ƙafa ɗaya, sarƙewar numfashi, da raguwar motsin ɗa.

Na shida, bayan haihuwa. Ka taimake ta ta shayar, nono zalla wata shida. In ta yi ciwon sukari da ciki, a sake auna ta bayan arba'in. Ka ba jikinta hutu kafin wani ciki. Uwayenmu masu kula da jego kuwa, ka yi musu bayani da ladabi, domin abin da suke yi ƙauna ce, kuma magana mai taushi ta fi shiga.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa, aya ta 14 ta Suratu Luƙman ta tuna mana raunin da uwa ke ciki lokacin da take ɗauke da ɗa, ta kuma gina hakkin uwa a kan wannan wahala. Yadda mahaifiyarka ta ɗauke ka, haka 'yar mutane za ta ɗauki naka. Uwayenta sun ba ka ita da lafiyarta, a gaban shaidu. Yabon da dangi za su yi maka na cewa ka iya kiwo, ranar suna zai ƙare. Abin da zai saura shi ne mace mai lafiya da za ta rayu ta rena 'ya'yanta, da ɗan da ka ba shi jiki mai ƙwari tun bai san sunanka ba. Ka isar da wannan magana ga abokanka a majalisa, domin da yawa ba mugunta ke sa su ba, rashin sani ne.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa bisa tafarki madaidaici, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu. Amin.